Shayi a Dajin Azru

Drisiya ba ta so tafiyar nan ba, ko kaɗan. Da ɗanta Nufal ya bugo waya daga Kazablanka ya ce suna tafe ranar Juma'a, Asabar kuma sai daji kamar yadda aka saba, ba ƙaryar da ba ta gilla masa ba. Ta ce gwiwa ta matsa mata, ya ce za a tafi a hankali. Ta ce an ce za a yi ruwa, ya ce ya duba, gari garau. Ta ce to ai babanka ya tsufa da hawan dutse, sai ya fashe da dariya.

"Baba fa, Inna? Mutumin da bara ya bar ni a baya ina haki? Ki bari kawai. Jikarki Rim ta ƙwallafa rai a kan biran dajin nan, ba ta da zance sai nasu."

Shi ke nan, tafiya ta zama dole.

Tun yaran suna goye mijinta Si Jilali ya kafa wannan al'ada. Da zarar ƙanƙara ta narke a kan duwatsu, ciyawa ta fito, sai ya rufe shagonsa na ɗinki a Miknas, ya kwashi iyalinsa zuwa gandun dajin gwamnati da ke saman garin Azru. Shi ne a gaba da sanda, kowa na biye, har su kai wani idon ruwa can ciki inda 'yan yawon Asabar ba sa wahalar zuwa. A dafa, a ci, a sha shayi, a sauko kafin rana ta yi sanyi. Bana ma haka Nufal yake tsammani, don bai san abin da ake ciki a gidan ubansa ba, kuma Drisiya ta rantse ba zai sani ba.

Abin ya faro ne wajen kakar zaitun. Wata safiya ta buɗe firji ta tarar da takalman mijinta a ciki, an jera su tsaf kusa da man shanu. Bayan nan ta aike shi karɓo gurasa a gidan gashi na unguwa, inda ya fi shekara talatin yana zuwa, sai ga mai gashin da kansa ya rako shi har ƙofa, wai ya gan shi tsaye a mararraba yana dube-dube. Ta ce jiri ne, bai karya ba. Yakan yi azahar ya naɗe darduma, ya sake shimfiɗawa ya tayar da wata azahar ɗin. Duk ta rufe. Ta daina karɓar baƙi, ta ce wa maƙwabta sanyi ne ya kama shi, in yara sun kira a waya ta tsaya a kansa tana raɗa masa amsa.

Ba kunya ce ta sa ta ba. Tsoro ne, kuma ta san abin da take tsoro ido da ido. Yayan Si Jilali, wato Si Allal, haka ya fara. 'Ya'yansa ba mugaye ba ne, abin takaicin ke nan. Sun zauna sun yi shawara kamar mutanen kirki, suka kai shi ɗakin saman soro inda ake shanya, aka sa ƙarfe a taga, aka sa kwaɗo a ƙofa, wai kada ya fita ya ɓace. Abinci a kan lokaci, kaya a wanke. Dattijon nan ya yi ta dukan ƙofa da tafin hannu har unguwa ta saba da ƙarar, har ranar da aka ji shiru. Nufal ne ya ɗauko maƙerin a motarsa. Da ya dawo ya wanke hannu ya zauna cin abinci, ya ce, "Gatan da za a yi masa ke nan, Inna," kuma wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa. Yaron yana son ubansa, ta sani. Irin wannan son ne take gudu.

Ranar Asabar da safe, kafin su Nufal su sauko daga bene, ta ritsa Si Jilali a kicin.

"Matar Nufal, wa sunanta?"

"Sukaina."

"Yarinyar fa?"

Ya yi jim, ya kalli buta, ya kalli taga.

"Rim," in ji shi, yana harararta. "Ke tsohuwa, kin mai da ni ɗan makaranta ne? Kawo mini sandata."

Ta kawo masa, tana cewa a ranta, ya Allah yini ɗaya nake roƙo, gobe da hantsi sun koma.

A mota kam sai ka rantse lafiyarsa ƙalau. Ya zauna gaba, hula a karkace, yana yi wa Nufal faɗan gudu, yana tsokanar jikarsa.

"Ke 'yar birni, kin taɓa ganin tunkiya da rai kuwa, ko sai a faranti?"

"Kaka, ni fa na taɓa ganin zaki!"

"A talabijin. Yau birai za su ƙwace miki takalmi, ki koma Kazablanka da ƙafa."

Sukaina tana dariya, Drisiya ma tana taya su, amma hannunta na cikin aljihun jallabiya yana jan carbi.

A bakin gandun akwai abin da ake samu kullum: masu sayar da gyaɗa, masu dawaki da jajayen sirdi suna rataya a jikin mutum, motoci sun yi fakin ko'ina, birai suna zaune a kan duwatsu suna jiran wawa. Nufal ya sayi gyaɗa, kafin ya miƙa wa Rim wani ƙaton biri ya fizge ƙullin gaba ɗaya ya haye itace. Yarinyar ta yi ihu, rabi tsoro rabi murna. Aka raba kaya. Nufal ya saɓa 'yar tukunyar gas da jarkar ruwa, Sukaina ta ɗauki tajin, kaskon girki mai murfi, da aka ɗaure a tsumma, Drisiya ta rungumi kwandon gurasa da kayan shayi.

"Baba, bismillah," in ji Nufal. "Kai ne jagora."

Si Jilali ya buga sanda ya shiga gaba.

Nan aikin Drisiya ya fara. A gidansu mace ba ta shiga gaban mijinta a hanya, ba don wani ya hana ba, haka kawai aka taso, kuma in ta yi yau kowa zai lura. Sai ta lafe a bayansa taku biyu, ta bar matsayinta na can ƙarshe inda takan tafi tana tsinkar ganye. Hanya ta miƙe cikin dogayen itatuwan arz, inuwa ta rufe su, hayaniyar bakin titi ta mutu. Ƙasa da laima, ƙanƙara ta rage a 'yan kwaruruka, ta yi datti. Gwiwar da ta yi ƙarya da ita a waya ta soma yi mata ciwon gaske.

A mararraba ta farko ya tsaya. Bai daɗe ba, amma ita ta ga yadda wuyansa ya sandare.

"Si Jilali, ka tuna can ne na zame wata shekara?" ta faɗa da ƙarfi, tana nuna hagu da haɓa. "Wajen itacen da tsawa ta raba. Ka tsaya kana mini dariya maimakon ka ɗaga ni."

"Ai nauyinki ne ya fi ƙarfina," in ji shi, ya karkata hagu.

Aka yi dariya.

A ta biyu bai tsaya ba ma, kai tsaye ya kama hanyar da ke gangarawa wajen masu yankan katako. Drisiya ta dafe gwiwa ta ce wayyo, ita wannan gangaren ba za ta iya ba, a bi ta sama mana. Ya juyo ya kalle ta, kallon mutumin da aka tasa daga barci, sannan ya dawo ya bi ta sama.

"Inna, gwiwa na ciwo kuma ki zaɓi hawa?" in ji Nufal. "Wannan wace irin gwiwa ce?"

"Gwiwata ce ko taka? Ka ji da tukunyarka, kana haki kamar tsohon jaki."

"Lalla, ki gaya masa dai," in ji Sukaina, haka take kiran surukarta. "Kullum sai ya ce gobe zai fara motsa jiki."

Haka suka yi ta tafiya, tana tura mijinta da baki kamar yadda ake tura akuya da tsinke, nan ta ce Rim je ki tsinko mini furen can, nan ta ce ku ji ƙarar ruwa ta wancan gefen. Zufa ta jiƙa mata ɗankwali duk da sanyin. Ba ta ga kyan daji ba, ba ta ji kukan tsuntsu ba, ƙeyar Si Jilali kawai take kallo.

Suka iso. Idon ruwan ya ragu sosai, ɗan tsiyaya ne kawai a ƙarƙashin dutse, amma yana nan. Si Jilali ya durƙusa ya wanke fuska, ya ɗaga sanda sama kamar wanda ya ci yaƙi. Drisiya ta zube a kan tabarma, ta ce alhamdu lillahi a fili. Suka ɗauka gajiya ce.

Aka kunna gas, aka ɗora tajin na kaza da zaitun da lemon tsami. Suka yi azahar, kuma sau ɗaya ya yi ta. Aka kewaye kasko ana tsoma gurasa. Ya ci da kyau, ya tura wa Rim cinya, ya ba da labarin shekarar da motar haya ta mace musu a hanya suka tura ta har garin Hajib, bai kuskure ko sunan direban ba. Nufal yana ta dariya yana dukan cinyarsa. Drisiya ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta. Saura shayi kawai, sai gangara, gangara kuwa hanya ɗaya ce ko makaho ya bi. Ta ci nasara, haka ta gaya wa kanta.

Shayi bai taɓa ba ta tsoro ba. In Si Jilali yana wuri ba mai taɓa buta, kuma duk abin da ya zube daga kansa a watannin nan, wannan bai zube ba. Ya naɗe ƙafa, aka ajiye tire a gabansa. Ya zuba ganye, ya ɗauraye shi da ruwan zafi ya zubar, ya cusa na'ana'a har wuyan buta, ya fasa dunƙulen sukari da gindin kofi. Ya zuba ya mayar, ya zuba ya mayar, ya ɗanɗana, ya ƙara sukari. Sannan ya ɗaga buta sama ya saki shayi siriri, kumfa ta tashi a kofunan, ko ɗigo bai fita waje ba.

"Kin gani, Rim?" in ji Nufal. "Duk Miknas ba mai hannun kakanki."

Rabon shayi a hannun Si Jilali yana da tsari, kuma duk wanda ya taɓa zama a falonsa ya san shi. Kofin farko na baƙo ne. In ba baƙo, na babban ɗa. Daga nan a bi girma har ƙasa. Drisiya ce ta ƙarshe kullum, don ita ce gidan, kuma mutum ba ya karrama kansa. Shekara da shekaru tana shan na gindin buta mai ɗaci tana mita, shi kuwa yana cewa wanda ya fi ƙarfi ne ya ajiye mata.

Ya ɗauki kofin farko. Nufal har ya miƙo hannu. Si Jilali ya tsallake shi, ya juya wajen Drisiya, ya dafa ƙirji da hannun hagu, ya ɗan rusuna.

"Bismillah, baiwar Allah. Marhaba da ke. Ki yi haƙuri da abin da ya samu, a daji muke."

Nufal ya tuntsire da dariya. Sukaina ta ce, "Iye, Lalla, yau ke ce amarya!" Drisiya ta kama wannan igiya da hannu biyu. Ta yi dariya har ta fi kowa, ta karɓi kofin, ta ce, "Kun ga tsohon nan da iya shege? Sai yau ka san darajata, da ka ga idon mutane?"

Bai yi dariya ba. Ya yi mata ɗan murmushin da ake yi wa baƙon da ya faɗi abin da ba a gane ba, ya kawar da kai cikin ladabi. Ya ba Nufal, ya ba Sukaina, ya hura na Rim ya ba ta. Ya tsiyaye na gindin buta a kofin ƙarshe, ya ajiye shi a gefen tire, ya rufe da murfin sukari kada ƙasa ta faɗa. Sannan ya matso kusa da ɗansa ya rage murya, irin ragewar tsofaffi da kowa ke ji.

"Matar nan tun daga bakin titi take bin mu. Ina jin ta ɓace wa mutanenta ne. In mun sauka ka kai ta wajen masu gadi." Ya leƙa hanyar da suka fito. "Ita kuma uwarka ina ta tsaya? Shayinta zai huce."

Sukaina ta ajiye kofinta a hankali, ta kama hannun Rim ta ce zo mu je neman birai.

"Baba," in ji Nufal, "ga Inna nan. Ga ta a gabanka."

Si Jilali ya kalli Drisiya sama da ƙasa, ya sake kallon ɗansa, ransa ya ɓaci.

"Kai, ba na son wasan banza. Ka kunyata baiwar Allah."

Drisiya ta shirya wa ɓatan hanya, ta shirya wa mantuwar suna, ta shirya wa takalmi a cikin kwando. Wannan ba ta shirya masa ba, don bai taɓa yi ba, ko sau ɗaya. Duk safiyar da ya tashi a ruɗe, fuskarta yake nema, in ya gan ta sai ya nutsu. Yau ta yini a bayansa taku biyu, shi kuwa yana ta mamakin wace ce wannan mai naci. Kofin na ƙona mata yatsu, ta kasa ajiyewa.

"Inna." Muryar Nufal ta canza. "Tun yaushe?"

"Rana ce ta buge shi. Bai saba da..."

"Inna, don Allah. Tun yaushe?"

Ta buɗe baki ta ƙara wata ƙaryar, ta duba, ba saura.

"Tun kakar zaitun."

Nufal ya rufe fuska da hannu biyu. Kafin ya buɗe, Si Jilali ya miƙe ya ɗauki sanda ya nufi cikin itatuwa, ba ma ta hanyar da suka zo ba.

"Drisiya!" ya ƙwala. "Ke Drisiya! Ina kika shiga?"

Dajin ya dawo masa da sunan. Nufal ya zabura ya cim masa, ya riƙe masa dantse. Tsohon ya fizge, yaron ya ƙara damƙa, ya rungume shi ta baya.

"Sake ni, ɗan banza! Uwarka na cikin daji kana riƙe ni? Gwiwarta ba lafiya!"

"Baba, tsaya. Baba, don girman Allah tsaya."

Nufal kuka yake, amma bai sassauta ba. Drisiya ta ga yadda yatsunsa suka nutse a hannun rigar, ta ga sandar ta faɗi. Ta tashi da ƙyar, ta gyara ɗankwali, ta je ta tsaya a gaban mijinta, ɗan nesa kaɗan, yadda mace take tsayawa a gaban mijin wata.

"Malam," ta ce, "matarka kake nema? Mai koriyar jallabiya?"

Ya daina kokawa. "Kin gan ta?"

Koriyar jallabiyar tana jikinta, yana kallonta.

"Na gan ta. Ta ce ƙafarta ta dame ta, ta yi gaba wajen mota. Zo in raka ka."

"Allah ya saka miki da alheri," in ji shi. "Kin ji ɗan nan, sai ya bar uwarsa ta kwana a nan."

Aka tattara kaya. Sukaina ce ta zubar da kofin ƙarshe a gindin itace. Drisiya ta shiga gaba, Si Jilali na biye, yana ta ba ta haƙuri a kan wahalar da ya sa ta. Ya tambaye ta 'yar ina ce, ta ce Miknas. Ya ce ikon Allah, su ma can suke, wace unguwa? Ta faɗi wata unguwa daban. Ya ce matarsa masifaffiya ce, in sun isa kada ta damu da abin da za ta ji, bakin ne kawai, cikinta fari ne tas. Drisiya ta ce haka mata suke. A baya tana jin Nufal yana neman layi a waya, yana ɗaga ta sama, har ya samu. Da ɗan Si Allal yake magana. Ta ji ya ce likita, ta ji ya ce a'a, ba zai yiwu a bar su su biyu ba, ta ji ya ce, "To ku da farko yaya kuka yi?" Ba ta juya ba. Ba ta da sauran abin da za ta kare.

A bakin titi masu dawaki sun fara watsewa. Si Jilali ya leƙa motar ta gaba, ya leƙa ta baya, ya zagaya ta.

"Ba ta nan."

"Ta je bayi," in ji Nufal. "Shiga ka jira ta, Baba, akwai sanyi."

Ba a gaba ya sa shi ba. Ya buɗe ƙofar baya, ya sunkuya ya taɓa ɗan makullin nan na jikin ƙofa da ake turawa saboda yara, ya zaunar da ubansa, ya rufe. Sukaina ta ɗauki Rim a cinya ta zauna gaba. Drisiya ta shiga ta ɗaya gefen. Da injin ya tashi Si Jilali ya gane. Ya ja hannun ƙofa, bai buɗe ba. Ya sake ja. Ya buga gilashi da tafin hannu.

"Kai Nufal, tsaya! Ba ta zo ba! Nufal!"

Motar ta hau kwalta. Ya juyo wajen Drisiya, idanunsa sun cika, ya kama bakin hannun rigarta da yatsu biyu, yana jin nauyin taɓa ta.

"Baiwar Allah, ke ce mai imani a cikinsu. Taki tana buɗewa? Ki taimake ni in fita. Ba ta san hanya ba sai da ni, kuma dare zai yi mata."

Tata tana buɗewa. Drisiya ta ɗora hannu a kan ƙofar, ta danna maɓallin ta kulle da kanta.

"Ita ma a rufe take, Malam," ta ce.